Tarihin Kasafin Kuɗin Kiwon Lafiya a Gwandu da Kalgo

Gwandu da Kalgo ƙananan hukumomi ne biyu cikin 21 na Jihar Kebbi, dukansu a ƙarƙashin Masarautar Gwandu. Ƙidayar 2006 ta ba Gwandu mutum kimanin 151,000, Kalgo kuma kimanin 85,000. Masu rubutu kan kuɗin kiwon lafiyar wannan yanki sukan fara lissafi daga 27 ga Agusta 1991, ranar da aka yanke Kebbi daga Jihar Sakkwato, wasu kuma daga manufar lafiya ta ƙasa ta 1988. Duk biyun sun makara. Tambayar wa ke riƙe da lalita, wa kuma ke riƙe da asibiti, ta girmi jihar da shekara tamanin.

Kafin zuwan Turawa

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka danƙa wa yammacin daular Usmaniyya a 1812, ya yi rubutu kan mulki da baitulmali a Diya'ul Hukkam, ya kuma taɓo lafiyar jiki a Masalihul Insan. Sai dai magani a lokacin sana'ar malamai ce da wanzamai da ungozomomi da maɗora, mai ciwo ne ke biya. Zakka da sadaka su ke ɗaukar gajiyayyu.

Zamanin En'e

Turawa sun ci ƙasar a 1903. Bayan tawayen Satiru na 1906 fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi, kuma wannan ƙaura ita ta sa har yau manyan asibitocin masarautar ba a garin Gwandu suke ba. Inda sarki da ma'aji suka zauna, nan aka fara aza tubali.

Kan shekarar kafa baitulmalin En'e akwai saɓani. Wasu na cewa 1909, amma wannan gwajin da Baturen mulki Palmer ya fara ne a Katsina. Shekarar da tsarin ya game masarautun Arewa ita ce 1911, kuma ita ta fi dacewa da Gwandu. Dagatai su tara haraji da jangali, hakimai su kai Birnin Kebbi, a raba tsakanin gwamnatin Turawa da En'e, da fari rabi da rabi. Kowace shekara majalisar sarki ta tsara kiyasin abin da za a kashe, amma ba ya zama doka sai gwamnatin Turawa ta amince da shi. Albashin sarki da hakimai da alƙalai da 'yan doka da gidan yari su ke cinye mafi yawa. Lafiya tana can ƙasan takarda.

Sai a farkon shekarun 1930 aka fito da tsarin ɗakunan shan magani na En'e a gundumomi. En'e ce ke ginawa, ita ke sayen magani, ita ke biyan malamin asibiti, likitan gwamnati kuwa rangadi kawai yake zuwa ya duba. Haka duba-gari da masu yin lambar agana, duk ma'aikatan sarki ne. Tsarin na da rowa ƙwarai, malamin asibiti guda kan riƙe gunduma sukutum, amma yana da abu ɗaya da aka rasa daga baya: wanda ya karɓi harajin talaka shi ne wanda za a tuhuma idan kwalabar magani ta ƙare.

A wannan zamani ne kuma aka ga misali na hukuma ta biya wani ya yi mata aikin jinya. A ƙarshen shekarun 1930 masarautun Kano da Katsina da Sakkwato suka miƙa wa mishan ta SIM gidajen kutare na Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Kuɗin daga baitulmali, likitoci da masu jinya daga mishan, da sharuɗɗa kan wa'azi waɗanda suka daɗe ana gardama a kansu. Abin da yau ake kira haɗin gwiwa da masu zaman kansu, ga irinsa nan a Lardin Sakkwato. Babban asibitin Birnin Kebbi kuwa, wanda ke ɗauke da sunan Sarki Yahaya da ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954, abin farkon shekarun 1950 ne, bayan shirin raya ƙasa na shekara goma na 1946 ya shigo da kuɗi daga Ingila.

Daga 1976

Garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e. Tun daga nan kuɗin ƙaramar hukuma ya daina fitowa daga aljihun manomi, ya koma gangarowa daga asusun tarayya, wato daga man fetur. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora kiwon lafiya matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi, jiha ta riƙe manyan asibitoci, tarayya ta riƙe na koyarwa. Shirin Bamako na 1987 ya kawo asusun magani mai juyawa: a sayar wa majinyaci, a sake sayo wani da kuɗin. A wurare da dama jarin bai kai zagaye na uku ba. Hukumar asusun rarar kuɗin man fetur, PTF, ta sake zuba magani a tsakiyar shekarun 1990, ta tafi da tafiyar mulkin soja.

Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 162, ya ce kason ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Sakamakonsa sananne ne: shugaban ƙaramar hukuma na da asibitoci a Kambaza ko Dalijan ko Diggi ko Zuguru, amma ana biyan albashi sai lalita ta yi fayau. Alƙawarin Abuja na Afrilu 2001, cewa a ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, ya fi yawo a jawabai fiye da takardun fitar da kuɗi.

Kalgo ta ci wata riba da Gwandu ba ta samu ba, saboda kusancinta da babban birnin jiha. Nan gwamnatin Sa'idu Usman Dakingari (2007 zuwa 2015) ta gina katafariyar cibiyar lafiya ta jiha, wadda aka killace masu cutar korona a cikinta a 2020. Kuɗinta daga kasafin jiha yake, ba ya cikin lissafin ƙaramar hukumar da ta ba ta masauki.

Dokar 2014

Dokar Lafiya ta Ƙasa da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabi na inshora ne, kashi 45 na magani da gyaran gini da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Masu cewa asusun ya fara a 2014 suna kallon takarda ne. Bai shiga kasafi ba sai 2018, da naira biliyan 55, kuɗin kuma suka fara fita a 2019.

Sabon abu a nan shi ne raba mai saye da mai yi. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KECHEMA, da aka kafa a mulkin Abubakar Atiku Bagudu, tana yi wa marasa galihu rajista, ta biya asibiti wani abu kowane wata a kan kowane mutum, ya zo ko bai zo ba. A ɗaya ɓangaren, asibiti guda a kowace mazaɓa, goma a Gwandu goma a Kalgo bisa tsarin, yana da asusun banki nasa, inda a farkon shirin ake tura kimanin naira 300,000 duk wata uku. Jami'in asibiti da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa ne ke sa hannu kafin a cire. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, musamman bayan faɗuwar darajar naira a 2023, amma tun rushewar En'e ba a taɓa ajiye lalita kusa da majinyaci haka ba.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. A 2025 kuma Amurka ta rufe hukumar USAID, wadda Kebbi na cikin jihohin da ta tallafa wa kan lafiyar mata da yara da zazzaɓin cizon sauro. 

A watan Maris 2025 sanƙarau ya ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta sanar da mutuwar mutum 26, 15 daga cikinsu a Gwandu, gwamnatin Nasir Idris kuma ta fitar da naira miliyan 30 na gaggawa don sayen magani da buɗe wuraren killace majinyata.