Daga Kwanon Almajiri zuwa Naira 70: Wa Ke Ciyar da Ɗan Makaranta a Ƙasar Gumel?

A wannan mako za mu leƙa arewacin Jigawa, masarautar Gumel mai ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Ƙasa ce ta rairayi, inda ake noman gero, dawa, wake, riɗi da gyaɗa, kuma duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari kan cika da dabbobi daga Nijar. Abinci dai ga shi nan a ƙasar. Tambayarmu ita ce, da kuɗin wa yake isa bakin ɗan makaranta?

Kafin zuwan boko, amsar tana cikin gari. Almajiran tsangaya kan yi noma a gonar malam da damina, manoma su fitar da zakkar hatsi da kaka, matan gida kuma su ware tuwon almajirin da ke yi musu aike da ɗiban ruwa. Tsarin yana da nasa aibi, domin a shekarar fari irin ta 1973 almajiri ne farkon wanda kwanonsa ke komawa wayam. Duk da haka, mai noma, mai dafawa da mai ci duk 'yan gari ɗaya ne, babu mai jiran sa hannun wani a birni.

Gwamnatin tarayya ta shigo maganar a 2005, lokacin da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da gwajin ciyar da 'yan firamare da abincin da aka noma a gida, a jihohi 12 da Abuja. Ba a daɗe ba jihohin suka watsar ɗaya bayan ɗaya, sai Osun kaɗai ta riƙe, saboda ta ci gaba da zuba kuɗi daga aljihunta. Wannan shi ne darasin farko, kuma ba mu ɗauke shi ba.

A watan Yunin 2016 gwamnatin Buhari ta farfaɗo da shirin a ƙarƙashin ofishin mataimakinsa, Yemi Osinbajo, Jigawa kuma ta shiga a zamanin Gwamna Badaru Abubakar. A takarda tsarin ya yi kyau. Yaran aji ɗaya zuwa uku za su ci sau ɗaya a ranar makaranta, a kan Naira 70 kowane yaro. Masu dafawa mata ne daga garuruwan da makarantun suke, ana tura musu kuɗi kai tsaye ta asusun banki. Manufar ita ce mai dafawa ta auno wake da hatsi a kasuwar garinsu, kuɗin Abuja ya faɗa hannun manomin Gagarawa, yaron Sule Tankarkar kuma ya zauna a aji har a tashi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Matsalar tana cikin Naira 70 ɗin. An tsayar da ita wuri ɗaya shekara da shekaru, alhali farashin mudu bai tsaya ba. Ko da aka amince da ƙara ta zuwa Naira 100 a 2022, tsadar kaya ta riga ta yi gaba. Mai dafawa ba ta da rumbu, ba ta da jarin da za ta sayi wake da kaka lokacin araha. Sai kuɗi ya shigo take zuwa kasuwa, idan ya makara tukunya ta huce. Manomi kuwa babu wata yarjejeniya da ta ɗaure a saya daga gare shi. A watan Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar NSIPA, ciki har da ciyarwar, saboda binciken kuɗi. Umarni ɗaya daga Abuja ya kashe wuta a murhun makarantun ƙasar nan.

Maƙwabtanmu sun gwada wata hanya. Daga 2012, shirin PAA Afrika, da tallafin Brazil da Ingila, ya yi aiki a jihar Maradi tare da hukumomin FAO da WFP: a taimaka wa ƙungiyoyin manoma da kayan noma, sannan a sayi geronsu da wakensu don makarantu. Brazil ta koyo wannan ne daga gida, inda dokar 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyarwar tarayya wajen sayen amfanin ƙananan manoma. Sai dai nan ma akwai bambanci. Na Brazil doka ce da kasafin kuɗi. Na Maradi tallafi ne mai wa'adi.

Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, tallafi kan iya kunna wuta, amma kayan aro ba ya rufe katara. Idan ana son ciyarwa ta ɗore a ƙasar Gumel, sai Dutse da ƙananan hukumomin huɗu sun sa ta a kasafinsu, an sayi hatsi da kaka daga ƙungiyoyin manoma an adana, an kuma bar kuɗin kwano yana bin farashin kasuwa.

Mu kuma da ke koyon rubutu, matan da suka yi girkin nan suna nan a raye, haka malaman da suka riƙe rajistar aji. Mu je mu tambaye su nawa suka auna, yaushe aka biya su, yara nawa suka daina zuwa da abinci ya tsaya. Wanda ya samo labari daga garinsu, ya kawo mana a sharhi.