Duwatsun da Ruwa Ya Bari a Ƙasar Gusau

Dutsen Kwatarkwashi, wanda matafiyi ke hangowa tsakanin Tsafe da Gusau, bai tsiro daga ƙasa ba. Ƙasar da ke kewaye da shi ce ta zaizaye ta bar shi a tsaye. Masana sun ƙiyasta cewa irin wannan dutse ya daskare a ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ruwa ya riƙa kutsawa cikin tsagogi yana ruɓar da sassa masu rauni, damina kuma tana kwashe ɓurɓushin zuwa Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau da Bunguɗu. Abin da ya gagari ruwa shi ne duwatsun da ake gani yau. Har yanzu zafin rana da sanyin hunturu na sa fuskarsu tana ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Wannan aiki ya tsara zaman mutane. A zamanin hare-hare, mutanen Kwatarkwashi sun fake a kan dutse da gindinsa, domin doki ba ya hawa falale. Rairayi da laka da ruwa ya sauke kuwa su suka zama fadamun da ke ciyar da garuruwan bakin gulbi.

Da yaƙe-yaƙe suka lafa bayan zuwan Turawa a 1903, jama'a suka bazu cikin fili. Jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, kasuwar gyaɗa da auduga ta buɗe, aka sare daji aka faɗaɗa gonaki. Ƙasar da ta rasa saiwa da inuwa ba ta riƙe ruwa. Ruwan farkon damina yakan faɗo da ƙarfi a kan gona tsirara, ya yanka 'yar hanya, bana ta zama rami, baɗi ta zama kwazazzabo. Yashin da ya kwasa yana cike cikin gulbi, ambaliya ta ƙara samun hanya. A ƙarshen Satumban 2006, bayan mamakon ruwa, madatsar Gusau ta ɓalle, ɗaruruwan gidaje suka rushe.

Ga manomin Karakkai da maƙwabtansa, lissafin a bayyane yake: 'yan santimitoci na ƙasar noma kan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin su samu, amma damina kaɗan ta isa ta kwashe su. Jera duwatsu a kan gangare, barin karan dawa a gona da kare gawo daga gatari suna rage gudun ruwa. Gonar da aka bar wa kwazazzabo kuwa, magada ba za su same ta ba.