Allura ta Dodon Kunne: Nazari kan Maganin Hajijiyar Meniya

Mai ciwon Meniya yana zaune lafiya lau sai ɗaki ya fara juyawa da shi, kunne ɗaya ya toshe yana ta ƙara, ga tashin zuciya da amai, daga minti 20 har awa 12. A 1861 likitan Faransa Prosper Ménière ya nuna cewa daga cikin kunne wannan hajijiya take tasowa. A 1938 Hallpike da Cairns suka gano cewa ruwa ne ke taruwa fiye da kima a can lungun kunne, inda gaɓar ji da ta daidaita tsayuwa suke maƙwabtaka.

Maƙwabtakar nan ce ta sa maganin yake da wuya. Idan rage gishiri da shan ƙwayoyi suka gaza, likitan kunne yakan kashe zafin dodon kunne, ya huda shi da siririyar allura, ya zuba magani a bayansa. Majinyaci ya kwanta kamar rabin awa, kunnen mai ciwo na sama, ba magana ba haɗiyar yawu, don kada maganin ya zurare ta bututun da ya haɗa kunne da maƙogwaro. A hankali yake ratsa wata 'yar fata ya shiga ciki.

Magani iri biyu ake zubawa. Gentamaisin yana kashe ƙwayoyin daidaito na kunnen da ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙarya, sai ta koyi dogaro da ɗaya kunnen da idanu. Yana aiki ƙwarai, amma abin da ya kashe ba ya farfaɗowa, wani lokaci kuma yakan haɗa da ji. Sitiroyid kuwa kumburi yake ragewa, ba ya ɓarna, sai dai akan maimaita shi.

Wani bincike a Ingila da mujallar Lancet ta buga a 2016 ya bi majinyata 60 tsawon shekara biyu. Tashin hajijiya ya ragu da kashi 87 cikin ɗari ga masu gentamaisin, kashi 90 ga masu sitiroyid.

Tunda amfanin ya yi kusa, kamata ya yi a fara da wanda ba ya taɓa ji, musamman da yake ciwon na iya kama ɗaya kunnen daga baya. A ajiye gentamaisin sai inda sitiroyid ya kasa, a kuma gaya wa majinyaci tun kafin allura cewa jin kunnen na iya raguwa.