Asalin Kalma: Suwaita

Suwaita baƙuwar kalma ce. Daga Turanci muka aro ta, kuma tushenta a can yana nufin zufa: a ƙarshen ƙarni na 19 'yan wasa ke sa wannan rigar ulu don su yi gumi su rage ƙiba. Da ta iso ƙasar Hausa sai ta zama maganin ɗari.

A Daura ta yankin Ƙaraye da Rogo, in hunturu ya kankama a Disamba, manomin rani kan nufi fadama da asuba, singileti a ciki, suwaita a kai, sannan kaftani. Hantsi na dubawa sai ya tuɓe ta ya rataya a kafaɗa. Wasu kan ce rigar sanyi, kuma ni wannan sunan ya fi mini daɗin faɗa.