"Housa" a Ƙidayar Freetown ta 1848

Tun da Saliyo ta fara ba baƙaƙen fatar Amurka shaidar zama ɗan ƙasa bisa gwajin DNA, tsofaffin takardun Freetown suka yi farin jini. Wani da ya ga "Housa" gefen sunan kakansa sai ya fara neman hanyar Kano. A ganina gaggawa ce.

Asalin abin sananne ne. Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta suka riƙa tare jiragen bayi a teku suna sauke mutanen a Freetown. Yaƙe-yaƙen jihadin 1804 da rushewar daular Oyo suka cika waɗannan jiragen da mutanen ƙasar Hausa da na ƙasar Yarbawa.

A ƙidayar 1848 an rubuta "Aku" 7,114, "Housa" kuwa 657. To, wa ya raɗa sunayen? Babu wani gari mai suna Aku. Daga gaisuwar Yarbawa aka tsinto shi, aka lulluɓe Egba da Ijebu da Oyo da shi. "Calabar" da ke cikin ƙidayar kuwa tashar jirgin ruwa ce, inda aka loda mutum. Masu cewa sunayen ƙabilu ne tsantsa ba su duba wannan ba. Masu cewa ƙirƙirar Bature ce kawai su ma sun wuce gona da iri, don mutanen da kansu sun rungumi sunayen, sun kafa ƙungiyoyin taimakon juna a kansu, har da sarakunansu. Ni dai na tsaya a kan cewa sunan yana nuna jama'ar da mutum ya shiga bayan an sauke shi. Mutumin wancan zamani Bakano ne ko Bagobiri kafin komai, kuma bawan da ya shekara a kasuwannin Katsina yana iya sauka da Hausa a baki alhali ba ita ce yarensa ba.

Dubi Ali Eisami, ɗan malami daga Borno. An kama shi, aka bi da shi ta Kano da Katsina da Yauri zuwa ƙasar Yarbawa, ya isa Freetown a 1818, ya koma William Harding. Mun san hanyarsa ne saboda Sigismund Koelle, marubucin Polyglotta Africana na 1854, ya zauna da shi ya yi masa tambayoyi. Mai ƙidaya ba shi da wannan haƙurin. Mai neman asali gara ya haɗa da rajistar saukar bayi, inda akawu ya rubuta sunan mutum na gida, tsayinsa, da tsagen fuskarsa.