Wellington, Brogue da Ghillie: Asalin Sunayen Takalman Maharban Birtaniya

Ranar 12 ga Agusta ake buɗe harbin grouse, wani tsuntsu ɗan uwan fakara, a tsaunukan Sikotland da arewacin Ingila. Ranar 1 ga Oktoba kuma a buɗe na pheasant mai dogon bindi, a yi ta yi har 1 ga Fabrairu. Galibin wannan lokaci ruwa ne da sanyi da taɓo, shi ya sa maharbin can yake ɗaukar zancen takalmi da muhimmanci kamar zancen bindiga. In ya shiga kanti, sunaye ne za su fara tarbarsa, kowanne da tarihin da ya goyo.

Wanda ya fi kowanne suna shi ne wellington, dogon takalmin roba mai kaiwa ƙasan gwiwa, irin wanda mu muke ce wa takalmin ruwa. Sunan sarauta ne na Arthur Wellesley, janar ɗin da ya ci Napoleon da yaƙi a Waterloo a 1815. Ita sarautar kuma sunan wani gari ce a Somerset. A zamaninsa manyan sojoji suna sa wani takalmi mai tuntu a gaba, hessian, wanda ya samo suna daga yankin Hesse na Jamus. Wellesley ya sa badukunsa, Hoby na titin St James a Landan, ya cire tuntun, ya matse takalmin ya kama ƙwauri. Na fatar maraƙi ne, mai laushi, ana hawan doki da shi, a kuma shiga taron manya da shi da dare. Ba shi da haɗi da roba ko kaɗan.

Roba ta biyo baya ne ta wata hanya dabam. A 1844 Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa danƙo da farar wuta don kada ya narke da zafi ko ya tsage da sanyi. Wani Ba'amurke, Hiram Hutchinson, ya ɗauki dabarar ya kai Faransa, ya kafa masana'anta kusa da Montargis a 1853, ya sa mata suna Aigle, wato mikiya. Manoman Faransa masu fama da takalmin katako su ne kasuwarsa. Shi Wellesley kuwa ya rasu tun 1852. A 1856 Henry Lee Norris ya buɗe kamfanin roba a Edinburgh, wanda daga baya ya zama Hunter. Kamfanin ne ya yi wa sojojin Birtaniya takalma sama da miliyan guda a Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da ramukan yaƙi suka cika da ruwa ƙafafun mutane suna ruɓewa. Fasalin ne kawai aka gada daga janar ɗin, sunan ya bi fasalin. A Afirka ta Kudu da New Zealand gumboot ake cewa, takalmin danƙo ke nan, kuma wannan sunan ya fi faɗin gaskiya.

Akwai ma na Faransa da maharban Ingila suke ji da shi, Le Chameau, ma'anarsa raƙumi. Claude Chamot ya fara yin sa a Normandi a 1927, ya buɗe masana'anta a Kasablanka a 1949. Sunan dabbar sahara a kan takalmin fadama ba ya gaya wa mai saye komai game da aikinsa.

Sunayen da suka fito daga bakin talakawa su ne suka fi kama ni. Brogue daga bróg take, kalmar Gaelic ta mutanen Ayalan da Sikotland, ma'anarta takalmi kawai. Masu yawo a ƙasa mai dausayi sun san ba yadda za a yi a hana ruwa shiga, sai suka huda fatar don ya samu hanyar fita. Yau hujin ya zama ado, ba ya ratsa fatar, ma'aikatan banki ke sa shi da kwat. Ghillie kuma daga gille, yaro ko bara. Shi ne ɗan ƙasa da yake yi wa mai gida jagora wajen farautar barewa da kamun kifi, kamar yadda John Brown ya yi wa Sarauniya Victoria a Balmoral. Takalmin da ake kira da sunansa ba shi da harshe, don ya bushe da wuri, igiyarsa doguwa ce ana naɗe ta a sama da idon sawu don kada laka ta zare shi. Duk wanda ya dubi waɗannan biyun zai gane irin ƙasar da aka taka da su, kuma mutanen da suka ƙirƙiro su ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

To, wanne za a saya? Ya danganta da irin harbin. A wanda ake koro tsuntsaye, maharbi yana tsaye ne a turkensa, masu kora suna tafe da sanduna da tutoci suna tayar da su. Mai tsayuwa sanyi ne abokin gabarsa, don haka wellington mai shafin neoprene a ciki ya dace da shi, wata roba mai riƙe ɗumi da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1930. Amma wanda zai wuni yana bin tsauni da karnuka, in ya sa wellington zai ji jiki, domin ba ya riƙe idon sawu, gumi kuma ba shi da mafita. Shi takalmin fata mai igiya yake bukata, da marufin ƙwauri saboda raɓa da kaska. Idan ya ga an rubuta Gore-Tex a jiki, ana nufin wani siririn shafi da ke hana ruwa shiga amma ya bar tururin gumi ya fita, wanda Bob Gore ya gano asalinsa a 1969. Idan ya juya takalmin ya ga Vibram a tafinsa, sunan Vitale Bramani ne aka gutsure aka haɗa, ɗan Italiyan da ya ƙera tafin roba mai haƙora a 1937, bayan abokan hawan dutsensa shida sun mutu a tsaunukan Alps a 1935 sanye da takalman da ba su dace da ƙanƙara ba.