Daga Bakin Ɗan Kamasho Zuwa Taurarin Ɗan'adam

Tun zamanin da fatake ke ratsa ƙasar Katsina ta kudu da jakuna, ma'abucin dukiya ba shi da wata hanyar sanin halin kayansa face amanar madugu da labarin da matafiya ke kawowa daga zango. Da manyan motoci suka karɓi jigilar audugar Faskari, da masarar Sabuwa, da farar ƙasar Ƙanƙara zuwa Funtuwa, al'amarin bai sauya ba, illa dai ɗan kamasho ya gaji matafiyi: shi ake tambaya a tasha ko gingimarin Alhaji ta wuce Sheme, shi kuwa ya amsa da abin da ya gani, ko da abin da direba ya roƙe shi ya faɗa.

Na'urar da ta kawo yaƙini a wurin zato asalinta na sojan Amurka ne, waɗanda suka harba tauraron GPS na farko a 1978, ba a kuma sakar wa farar hula cikakken ingancinsa ba sai a shekarar 2000. Kaifiyyar aikin hisabi ce tsantsa, domin kowane tauraro, daga nisan kimanin kilomita 20,000, yana shelar matsayinsa da sa'arsa ba fasawa, ƙaramar na'urar da aka ɓoye a jikin mota kuwa sai ta saurari aƙalla huɗu, ta auna jinkirin isowar saƙon kowanne, ta fitar da inda take. Amma fa ita mai sauraro ce kurum. In za ta sanar da maigida, da layin waya take yi, shi ya sa ba ta yi wa mutanenmu wani amfani ba sai bayan zuwan salula a 2001.

Wannan rauni ya bayyana a Satumban 2021, lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, bayan an riga an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Duk motar da ke ɗauke da na'urar ta san inda take sarai, alhali maigidanta, ko da yana Kano riƙe da waya mai tsada, dole ya jira ta fito inda akwai sabis, ko ya aika a tambayo masa 'yan kamashon tashar Funtuwa.